Na Je Garwa Sayen Allo

Tun da na dawo daga Garwa ta ƙasar Kamaru ban huta da tambaya ba. A ofishin malamai tambaya, a zumuntar mata tambaya, har mai sayar mini da tumatir sai da ta riƙe ledata ta ce sai na gaya mata ko gaskiya ne na tsallaka wata ƙasa don in sayi littafi guda ɗaya. Bakina ya gaji, kuma na lura duk lokacin da na maimaita labarin sai kogin da muka ƙetare ya ƙara zurfi. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, tun ruwan bai kai mini wuya ba.

Sunana Saratu, amma a unguwa Maman Grace ake kirana. Bayoloji nake koyarwa a wata sakandare a nan Mubi. Lokacin da 'yan bindiga suka shigo gari mun gudu kamar kowa, muka yi watanni a Yola. Da muka dawo mun tarar da gidanmu a tsaye, muka gode wa Allah, don akwai maƙwabtan da ba su tarar da komai ba, akwai kuma waɗanda ba su dawo ba. Sai dai an ɓalle ƙofa, awakin unguwa sun tare a falonmu, gara kuma ta shiga kabad. Tsakanin awaki da gara an raba littattafanmu ba tare da rigima ba. Littattafan makaranta da na tara shekara ashirin sun tafi. Littattafan labari na 'yata Grace sun tafi. Maigidana, Baban Grace, wanda ya yi ritaya daga ɗakin magani, yana da akwati guda na komik, wato littattafan nan masu labari cikin zane, da ya adana tun yana saurayi. Da ya buɗe akwatin ya ga ƙasa zalla, sai ya rufe, ya zauna a kai, bai ci abincin rana ba.

Ni damuwata 'yan ajin ƙarshe ce. Jarrabawa tana tafe, ɗakin karatun makaranta ya zama kango. Wata abokiyar aiki a Yola ta zuba mini littattafai a filash, Grace ma ta ƙara nata da wasu komik don babanta, amma a ina za a karanta? Wuta ba ta zuwa. A waya kuwa, in na buɗe shafi ɗaya sai idona ya yi ruwa, kafin in kai ƙarshen babi caji ya mutu.

Malam Iliya mai koyar da labarin ƙasa ne ya ce ya ga wata na'ura a hannun wata ma'aikaciyar agaji. Fuskarta kamar takarda, ana karanta ta a tsakar rana, caji ɗaya yana kai ta makonni. Na tambaya a shaguna a Yola, wani ya miƙo mini kalkuleta. Ina ba maƙwabciyata Goggo Dudu labari sai ta ce, “Wannan allon? Ai na gan shi a Garwa, shagon da nake sayen tukwane. Guda huɗu ne a kwali, ba mai so.”

Goggo Dudu Bafulatana ce, ta haura sittin, tana fataucin tukwane da atamfa tsakanin Mubi da Kamaru. Ba ta karatun boko, amma ba a taɓa sayar mata da abu marar kyau sau biyu ba. Ta ce in shirya ranar Alhamis.

Kafin mu fita kowa ya ba ni saƙo. Grace ta ce ƙarama take so, wadda za ta shiga jaka. Baban Grace ya raka ni bakin ƙofa ya ce, “Maman Grace, mai kala. Komik ba kala ba komik ba ne.” Ni kuma shafin littafin makaranta nake so in gani ɗungurungum. Na'ura ɗaya za mu iya saye. Na ɗaure filash ɗin a leda, na zura zare, na rataya a wuya kamar laya.

Motar da muka samu a tasha ƙarama ce, tsohuwa, ta mutum biyar. Mu tara muka shiga. Direba ya raba kujerarsa da wani dattijo, har in zai canja giya sai ya ce, “Baba, ɗaga ƙafa.” Daga Mubi zuwa Maiha mun sauka a shingen sojoji ban san sau nawa ba. A sauka, a ɗaga hannu, a taka a wuce, a sake cusa kai cikin mota. Kowace sauka sai tsarin zama ya canja, har na tsinci kaina da buhun gyaɗar Goggo a cinya da gwiwar wani a haƙarƙarina.

Bayan Sorau muka isa wani mayo, wato kogi. Ƙarshen damina ne, ruwa bai janye ba. Direba ya ce kowa ya sauka, mota za ta ƙetare ita kaɗai. Akwai ƙarti a bakin ruwa masu goya mutane. Ɗaya ya dube ni sama da ƙasa, ya juya ya kama kallon wata bishiya. Goggo ta tattare zaninta ta shiga ruwa kamar tsakar gidanta, ni ma na bi ta don kada a ce malama ta ji tsoro. Gaskiyar magana ruwan iya gwiwa ne. A tsakiya laka ta kama takalmina na dama, na ja, ta ja, ta yi nasara. Direba ya tausaya mini ya ciro wani silifas ɗin wanka daga ƙarƙashin kujera, na namiji, kore, ya fi ƙafata da yatsu uku. Haka na shiga ƙasar mutane, ƙafar hagu malamar makaranta, ƙafar dama kwandasta.

A kan iyaka jandarma ne zaune a ƙarƙashin rumfa da babban littafi. Ya karɓi katina da takardar rigakafi, ya yi tambaya da Faransanci. Na gane yana tambayar abin da ya kawo ni. Ban san sunan na'urar da kowane yare ba, sai na ari kalmar Goggo.

Na ce, “Allo.”

Ya ɗago kai ya ce, “Alo.”

Na sake cewa, “Allo,” ina zana murabba'i da hannu.

Ya ce, “Alo, alo,” ya kara hannu a kunne kamar mai amsa waya, ya dubi abokin aikinsa. Ashe a wurinsu da haka ake amsa waya. Ga mace da takalmi iri biyu, da laya a wuya, tana ta amsa wayar da babu. Na ga ya fara janye kujerarsa baya.

Goggo ta shigo tsakani da Fulatanci. Nawa Fulatancin na kasuwa ne, ban kama rabin abin da ta faɗa ba, amma ta daɗe tana magana, har da dafa ƙirji. Jandarman ya sassauta fuska, ya buga hatimi, ya miƙo mini katin da hannu biyu. Da muka yi nisa na ce, “Goggo, me kika gaya masa?”

Ta ce, “Na ce awaki sun cinye iliminki, kin zo sayen wani.”

“Sai ya ce me?”

“Ya ce Allah ya ba ki lafiya.”

Abin da ya fara ba ni mamaki a Garwa babura ne. Mu a Mubi an hana su tun ana cikin tashin hankali, har kunnena ya manta ƙararsu. Can kuwa kamar an fasa gidan zuma. Har mata na gani suna tuƙa nasu, da jaka a kafaɗa, da dogon takalmi, ba mai ko waiwayarsu. Abu na biyu burodi. Namu mai laushi ne, a leda. Nasu dogo ne kamar taɓarya, tsirara, mutum ya saƙale shi a hammata yana tafiya yana gaisawa da jama'a. Na ga wani ya nuna wa baƙo hanya da nasa.

Goggo ta ce a gidan ƙanwarta Dada Asta za mu sauka. Muka yi sallama, wata mata ta fito ta tsaya tana kallonmu. Goggo ta rungume ta, matar ta rungume ta ita ma, amma idonta yana kaina yana neman taimako. Sai da aka shimfiɗa tabarma aka kawo ruwa, aka yi gaisuwar da ta kai tsawon wa'azi, sannan na fahimci sau ɗaya suka taɓa haɗuwa, a wani biki a Maiha, shekara shida da suka wuce. Duk da haka Dada Asta ta ba mu ɗakinta, ta yanka kaza.

A nan na yi kuskuren farko. Mu a gidanmu in an kawo wa baƙo abinci ci yake yi, mai gida ya ji daɗi. Na wanke hannu na kama cinya. Goggo ta taka mini ƙafa. Ashe sai an ce an ƙoshi, a kau da kai, mai gida ta roƙa, a sake ƙi, ta fita ta ba da wuri, sannan a ɗan taɓa. Na mayar da cinyar da alamar haƙorina a jiki. Dada Asta tana fita Goggo ta cinye rabin kazar cikin minti biyar, ta jera ƙasusuwan a gefena.

Da safe na sayi takalmi, muka sha shayi da burodin nan. An tsaga shi an cusa masa taliya da ƙwai a ciki. Ban taɓa zaton burodi da taliya za su zauna wuri ɗaya ba, amma na ci biyu.

Shagon na wani mutum ne da ake kira Musyo Bernar, ɗan kudancin ƙasarsu, mai ƙaramin gemu da Hausa 'yar kaɗan. Kayan gwanjo na Turai yake sayarwa: firji, dutsen guga, keken guragu, har da wasu dogayen katakai da ya ce na zamiya a kan ƙanƙara ne. A Garwa, inda rana take dafa ƙwai. Da ya ga Goggo ya taho zai manna mata kumatu irin gaisuwarsu, ta tare shi da murfin tukunya. Da alama sun saba, don bai ji haushi ba.

Ya jawo kwali daga ƙarƙashin tebur. Ya ce, “Madam, gaskiya uku ba su da lafiya. Kala ta mutu. Kuma in ka juya shafi suna ƙifta ido.”

Na ce haka aka yi su. Ya dube ni kamar yadda jandarma ya dube ni jiya.

Muka jera su a kan wani firji. Ta farko ƙarama ce, tafin hannu da 'yan kai, ba nauyi. Ta biyu girmansu ɗaya, amma tana da fitila a cikin fuskar. Ta uku babba ce kamar littafin rajista, mai nauyi, ba fitila, da rigar fata da ta tsufa. Ta huɗu tablet ce sosai, irin babbar wayar nan ta shafawa, mai kala, mai sheƙi. Musyo ya ce wata biyu bai taɓa kwalin ba. Muka danna. Ukun nan marasa lafiya suka farka. Mai lafiyar ba ta motsa ba sai da aka jona ta a wuta.

Na ciro filash daga wuya, ya zuba littattafan ta kwamfutarsa. Mai fitila ta ƙi karɓar rabinsu, ta rubuto wani dogon bayani. Musyo ya karanta ya ce wai tana son a haɗa ta da intanet, kuma tana neman mai ita na da, wata mata a Turai. Goggo ta ce, “Wanda yake kewar uwar ɗakinsa ba ya zama. Ajiye shi.” Na so fitilar nan, don Allah ya sani muna buƙatarta, amma na ajiye.

Na buɗe littafin labari na Grace a ƙaramar. Kyau kamar takarda. Ana ƙara girman rubutu, layuka su gyara zama da kansu. Na ce lallai Grace ta samu. Sai na buɗe littafin Bayoloji, shafin ƙoda. Rubutun ya koma kamar tururuwa. Na ƙara girma, sai shafin ya ƙi shiga, ƙodar ta rabu huɗu. In ina kallon samanta, sunayen sassan suna can wani gefe, sai na tura, allon ya ƙifta, na manta abin da na baro. Komik ma haka, ana ganin mutane suna buɗe baki amma ba a iya karanta abin da suke faɗa.

A babbar kuwa ƙoda ta fito cikakkiya, da kibiyoyinta da sunayenta, kamar an yago shafin an manna. Rabona da ganin shafin nan tun kafin gudu. Na wuce zuwa zuciya, a nan murnata ta ragu. A littafi jijiyoyin da ke fita da jini ja ne, masu dawo da shi shuɗi. A nan duk sun zama toka-toka. Na buɗe komik ɗin Baban Grace, na 'yan ƙwallo ne, masu jar riga da masu koriya. Su ma duk toka. Mutum ashirin da biyu riga iri ɗaya, an ci ƙwallo, ba a san wa zai yi murna ba.

Tablet ta nuna komai da kalarsa. Jini ja, ciyawa kore. Musyo ya tsaya a bayanta yana murmushi kamar shi ya haife ta.

Goggo duk wannan lokaci tana nata binciken. Ta ƙwanƙwasa bayan kowacce ta kara a kunne. Ta shinshina rigar babbar ta ce mai ita yana da kyanwa. Ta lashi yatsa ta goga a kan rubutun ta ga ko zai zuba. Daga nan ta ce, “Atamfa ba a sayenta a inuwa. A fita da su.”

Muka fita bakin titi. Rana tana dukan tablet ta zama madubi, ba abin da na gani sai fuskata da gumi. Babbar kuwa sai ta ƙara fitowa raɗau. 'Yan babur da ke jiran fasinja suka taso, masu sayar da goro suka matso, kafin a jima an rabu gida biyu. Wani ya ce mai kala, don ana kallon fim. Wani dattijo ya ce mai kama da takarda ta fi kunya. Wani ya tambaya ko ƙodar ta saniya ce, da na ce ta mutum ce sai ya dafa bayansa ya koma kan babur.

Ana cikin haka Goggo ta karɓi babbar ta danna wani wuri. Allon ya ƙifta, duk rubutun umarni ya koma wasu haruffa kamar tsakin kaza. Ba Faransanci ba, ba Turanci ba, ba Larabci ba. Musyo ya danna nan, ya danna can, abin ya ƙara nisa. Sai ya dubi agogo ya ce sha biyu ta yi, ya fara jawo ƙofa.

Na ce, “Musyo, ciniki muke yi.”

Ya ce, “Madam, abinci. Ƙarfe uku.”

Ya kulle shago da mai saye a tsaye, ya hau babur ya tafi. A kasuwar Mubi ko ɗan kasuwa yana kan gadon asibiti, in ya ji mai saye sai ya cire ƙarin ruwa ya taso.

Muka zauna wurin wata mai gasa kifi. Ta kawo shi da wani abu dogo a naɗe da ganye, an ɗaure da zare. Na ɗauka tsire ne na gatsa har ganyen. Mai kifin ta juya baya kafaɗunta suna rawa. Rogo ne aka jiƙa aka dafa, warware shi ake yi. Yana da ɗan tsami da danƙo, da yaji kuma ba laifi.

Na ari wayar mai kifin na kira Baban Grace. Layin yana yankewa. Na yi masa bayanin rana da caji da ƙoda.

Ya ce, “Akwai kala?”

Na ce, “Mai kalar kwana ɗaya take yi ta mutu. Sai ka riƙa kai ta shagon caji kullum kamar mai kai yaro makaranta.”

Ya ce, “To yaya zan gane 'yan wasana?”

Na ce, “Akwai lamba a bayansu.”

Layin ya yanke. Har yau ban sani ba ko shi ya kashe.

Na zauna ina jujjuya abin. Mutumin nan bai taɓa roƙona komai ba tun da muka dawo, sai wannan. Grace ma ta rasa nata. Amma na tuna 'yan ajina, waɗanda suka yi shekara ba karatu, suna kwafar zane daga abin da na iya tunawa da ka, ni kuwa in na zana ƙoda wake take zama. Goggo tana tsotsar kan kifi ta ce, “Malama, wanne ne zai yi aiki ranar da babu komai?” Na ce babbar. Ta ce, “To me kike tauna?”

Ƙarfe uku da rabi Musyo ya dawo da alamar matashi a kumatu. Dabara ta zo masa a barci: ya ɗauki ƙaramar, ya ƙirga sau nawa ake dannawa a kai wurin canja yare, ya yi daidai haka a babbar. Sau biyu muna faɗawa wani yaren, a na uku Turanci ya fito. Na bar wa Goggo ciniki. Ta tashi ta fita sau uku, ta kira kyanwar Bature shaida, ta ce abin da ba kala ai rabin abu ne, ita da ta sa na zaɓe shi. A ƙarshe Musyo ya sallama, ya ɗora mana da murfin tukunya kyauta don mu tafi.

Dawowa lafiya lau har muka wuce Maiha. A wani shinge kusa da gida soja ya ce a buɗe jakunkuna. Dogo ne, baƙi, da ƙyar zai kai talatin. Ya ciro na'urar ya buɗe rigar. A fuskarta akwai hoton wata tsohuwar agogo.

Ya ce, “Mama, kashe wannan.”

Na ce, “A kashe take.”

“Ga hoto ina gani.”

“Haka take. Ko a kashe hoton yana zama.”

Ya ajiye ta a hankali a kan buhun yashi, ya ja baya taku uku, ya ce kowa ya matsa. Fasinjoji suka watse cikin gonar dawa, wani dattijo da ke raba kujera da direba ya riga kowa. Ban ga laifin sojan ba. A lokacin nan abin da ya ƙi mutuwa, ga kuma hoton agogo, ba abin wasa ba ne. Ni na tsaya inda nake. Na ce a raina, ta tsallake jandarma da Goggo, ga shi za a harbe ta a ƙofar gida.

Na ce, “Ɗana, littafi ne. Ni malama ce. Bari in buɗe ka gani.”

Ya ce in buɗe, amma in miƙe hannu nesa da jikina. Na danna, allon ya ƙifta baƙi, na ji wani a cikin dawa ya kama salati. Sai ƙoda ta fito.

Ya leƙo daga nesa. Ya matso. Ya ce, “Wannan ba ita ce mai tace jini ba?”

Na ce ita ce.

Ya ce, “Ita ta kayar da ni. Sau biyu ina rubuta Bayoloji.” Ya gyara rataya bindigarsa. “In ke malama ce, ina fitsari yake bi ya fita?”

Na nuna masa da yatsa, daga nan zuwa nan. Ya ce a sake. Na sake. Ya kira abokin aikinsa, shi ma ya zo. Motoci suka yi layi a bayanmu, ba mai ƙarfin halin yin hon. Fasinjoji suka fito daga dawa ɗaya bayan ɗaya suka kewaye mu, Goggo tana fassara wa wasu da Fulatanci, ban san me take ƙarawa ba amma suna ta kama baki. Sai da muka gama ƙoda muka taɓa zuciya sannan ya mayar mini da ita da hannu biyu. Ya tambayi makarantarmu, na gaya masa, na ce ina yi wa 'yan ajin ƙarshe darasi ranar Asabar da safe.

A gida Grace ta ɗaga na'urar ta ce wannan ai faranti ne, amma ranar ta gama littafi guda, ta jingina ta da tulu don hannunta ya gaji. Baban Grace ya yi kwana biyu ba ya kallon inda na'urar take. A na uku na dawo daga kasuwa na same shi a gindin mangwaro da tabarau, yana bin lambobin bayan riga da yatsa. Bai ɗago ba ya ce, “Mai lamba tara ɗin nan namu ne.” Yanzu sai na ɓoye ta a cikin buhun masara in ina son in same ta da safe.

A aji kuwa na sayi alli ja da shuɗi. Ina ɗora na'urar a tebur, yara su zo layi-layi su duba, mai hannu a cikinsu ya kwafa a allo, mu sa kalar da kanmu. Ajin bai cika ba har yanzu. Layin baya duk babu kowa, kuma na san sunan mai kowace kujera.

Asabar ta uku ina cikin zana zuciya aka yi sallama a ƙofa. Wani dogo ne cikin riga da wando na gida, da sabon littafin rubutu a naɗe a hannu. Sai da ya ce “Mama” na gane shi, sojan shingen nan ne. Ya ce an ba shi hutun safiya, ko akwai wuri.

Na nuna masa layin baya. Ya naɗe ƙafafunsa da ƙyar a ƙarƙashin tebur, yara suna ta satar kallonsa. Na ce, “Ka makara da minti ashirin.”

Ya miƙe tsaye ya ce, “Yi haƙuri, Malama.”

Na ce ya zauna, na miƙa wa yarinyar da ke gaba jan alli, muka ci gaba.